Sayen Kwamfutar Tebur ta Intanet: Kada Kuɗinku Su Riga Kaya Tafiya

Jama'ar Zango, 'yan kasuwa da iyayen gida, kwamfutar tebur ta shiga sahun kayan sana'a a wannan unguwa tamu. Mai shagon buga takardu yana bukatarta, mai sayar da magani yana son ya riƙa lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, malamin makaranta yana son ya adana sunayen ɗalibai, uba kuma yana fatan 'ya'yansa su iya sarrafa ta tun kafin su kai jami'a. A lokaci guda, duk wanda ya buɗe wayarsa zai ci karo da talla: hoton na'ura mai sheƙi, farashi mai daɗin ji, da alkawarin za a kawo har ƙofar gida. Kuɗin da ake zubawa a irin wannan saye ba ƙanana ba ne. Sau da yawa kwasar adashi ce ta watanni, ko wani yanki na jarin shago. Idan suka salwanta, gida ne baki ɗaya yake ji a jikinsa. Saboda haka ya dace a zauna a yi wa al'amarin karatun ta-natsu.

Abin da intanet ta cire daga ciniki

Dattawanku sun san cewa Zangon Lome na asali yana tsakiyar gari ne, har zuwa 1977 da hukuma ta rushe shi, aka mai da jama'arsa can arewa, wajen kilomita 15, ta yankin Togblekope, inda yau ake kira Agowe-Zango. Gidaje sun rushe, amma fataucin goro da na shanu bai rushe ba, domin a kan mutane ya ginu. Bafatake ya taso daga Arewa ya sauka wurin mai gidansa. Mai gida ya ba shi masauki, ya ajiye masa dukiya, ya sa dillalinsa ya nemo mai saye. In bashi za a bayar, mai gida ne yake tsayawa, domin ya san gidan wanda ya karɓa, ya san iyayensa, ya san masallacin da yake salla. La'adar da ake biya, ladan wannan tsayawa ce.

Ku lura da ayyukan da wannan tsari yake yi ba tare da an ambata su ba. Akwai wanda ya san mai sayarwa ido da ido. Akwai wanda ya ga kaya ya taɓa su. Akwai kuma wanda za a kama idan magana ta canza. A cinikin waya duk waɗannan sun ɓace, an bar ku da hoto da lambar waya. Hoto ana iya kwaso shi daga ko'ina, lamba kuma ana iya kashe ta cikin daƙiƙa guda. Duk abin da za a faɗa a wannan darasi, ƙoƙari ne na maido da aikin mai gida da dillali cikin cinikin da ba su a ciki.

Malaman fiƙihu ma sun daɗe da duba wannan mas'ala. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an halatta sayar da abin da ba ya nan idan an siffanta shi, amma an hana gindaya sharaɗin biyan kuɗi tun kafin ya iso, sai fa in yana kusa, ko kuwa abu ne da ba a tsoron ya sauya, kamar gida ko fili. Kwamfuta kuwa abu ce mai sauyawa a hanya: tana fashewa, tana jiƙewa, ana iya zare mata kayan ciki. Wannan hukunci mai shekara fiye da dubu ya dace da cinikin yau kamar don shi aka yi.

Kasuwannin ba iri ɗaya ba ne

Kuskuren farko da mutane suke yi shi ne ɗaukar duk abin da ke intanet a matsayin kanti guda. Akwai shafukan da allon talla ne kawai, irin su CoinAfrique da ake amfani da shi a ƙasashen sefa, da Jiji a Najeriya da Gana, da kasuwar Facebook, da zaurukan WhatsApp. Waɗannan suna haɗa ku da mai kaya ne, daga nan sun gama nasu. Ba su riƙe kuɗi, ba su kawo kaya, kuma ba su biyan asara. Sunan shafin da ke saman talla ba shaida ba ne cewa shafin ya tsaya wa mai tallar. Ciniki a nan daidai yake da haɗuwa da baƙo a bakin Asigame: sai an gani a biya.

Akwai kuma manyan kasuwanni irin su AliExpress, inda kuɗinku suke zama a hannun kamfani har sai an tabbatar kaya sun iso, kuma akwai ƙofar shigar da ƙara idan ba su zo ba ko sun saɓa wa siffa. Wannan ya yi kusa da aikin mai gida, sai dai yana da sharuɗɗa biyu da ake yawan sakaci da su. Ƙarar tana da wa'adi, in ya wuce an rufe. Sa'an nan kariyar tana aiki ne kawai idan a cikin shafin kuka biya. Duk mai sayarwar da ya ce ku fito waje ku tura masa kai tsaye don ya rage muku farashi, so yake ya raba ku da wanda ya tsaya muku.

Na uku su ne shagunan da ke da ƙofa da rufi, a Dekon ko wata unguwa ta Lome, waɗanda suke talla a intanet don jawo masu saye. A ganina, ga wanda zai sayi kwamfutar tebur guda ɗaya, wannan ne ya fi kwanciyar hankali, ko da farashin ya ɗan ɗara. Ku yi amfani da waya wajen kwatanta farashi da zaɓen abin da kuke so, amma ƙafa ta taka zuwa shagon. Abin da kuka ƙara biya, kun sayi wurin komawa ne.

Siffar da za ku nema a rubuce

Mafi yawan kwamfutocin tebur da ake tallatawa da araha tsofaffin na'urorin ofisoshin Turai da Amurka ne: Dell OptiPlex, HP ProDesk ko EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Ba aibu ba ne. An ƙera su don aikin yini guda, kuma kayan gyaransu suna samuwa. Aibun yana cikin siffar da aka bari a dunƙule.

Mai talla zai rubuta Core i5 ya yi shiru, alhali wannan suna ne na dangi, ba na na'ura guda ba. Lambar da ke biye da shi ita ce ke faɗin shekaru. Core i5-2400 na zubi na biyu ne, ya fito a 2011. Core i5-6500 na zubi na shida ne, na 2015. Core i5-8500 na zubi na takwas ne, na 2018. Dukansu ana kiransu i5, amma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai shekara bakwai. Wannan bambanci ya ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba bayarwa kyauta. Windows 11 kuwa, a ƙa'idar kamfanin, tana neman injin Intel na zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan, tare da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Masu gyara sun san dabarar cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura, don haka ganinta a kan allo ba hujja ba ne cewa injin sabo ne. Idan lissafin shago ko bayanan mutane za ku ajiye a ciki, kada ku sauka ƙasa da zubi na takwas.

Ku nemi a rubuta muku yawan RAM, wato ma'ajiyar da na'ura take aiki da ita nan take. Giga 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 take karɓa, amma da shi za ku sha jira. Giga 8 ya fi dacewa da aikin yau da kullum. Ku tambayi irin rumbun ajiya: SSD ne ko tsohon faifai mai juyawa? Wannan tambaya ta shafi sauri, ta kuma shafi hanya, domin faifai mai juyawa yana da allura da ke shawagi a kan faranti, kuma faɗuwa ɗaya tana iya lalata shi, yayin da SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki.

Sai tambayar da take jawo rigima fiye da kowace: me da me ke cikin farashin? Sau da yawa hoto yana nuna akwatin inji da allo da madannai da linzami, amma kuɗin na akwatin ne kaɗai. A rubuta kowanne da sunansa, har da wayar wuta da wayar da ke haɗa inji da allo. Yawancin na'urorin ofis suna da kafar DisplayPort ko VGA, allon da kuka tanada kuma wataƙila HDMI yake karɓa. Da yawansu ba su da wayfay a ciki, sai an saya musu ɗan abin da ake soka wa a kafar USB.

Mu da muke zaune tsakanin iyakoki muna da ƙarin abin dubawa. Madannan da suka fito daga Najeriya ko Gana jerin Ingilishi ne, haruffan farko QWERTY, ba su da é da è da ç a fili. Yaron da ke rubuta aikin makaranta da Faransanci zai fi jin daɗin jerin AZERTY. Kan wayar wuta na can mai ƙafa uku ne masu kusurwa, namu kuwa mai ƙafa biyu zagayayyu. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, ana gyara su da kuɗi kaɗan, amma gara a sani tun kafin a yi ciniki.

A ƙarshe ku ce a ɗauko muku hoton lambar jikin na'urar. Ta Dell tana da haruffa da lambobi bakwai, kuma idan aka shigar da ita a shafin kamfanin za a ga irin na'urar da lokacin da aka sayar da ita da fari; HP da Lenovo ma suna da irin wannan. Ku nemi ɗan bidiyo na na'urar a kunne, da takarda a gefenta ɗauke da sunanku da kwanan wata. Wanda kaya suke hannunsa ba zai ɗauki minti biyar ba. Wanda ya fara kawo uzuri, ya riga ya ba ku amsa, kuma ba a cinikin biri a sama.

Hanya, da wanda asara take wuyansa

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin mai sayarwa na iya zama mutumin kirki, kaya kuma su lalace ko su maƙale tsakaninsa da ku. Tambaya guda ce za ta raka ku a kowane zango na tafiyar: a wannan lokaci kaya suna hannun wa, kuma in sun lalace wa zai biya? Idan ba a amsa ta kafin tashi ba, amsar da za ta fito bayan ɓarna ita ce: ku.

Idan cikin Lome ne, matsalar farko ita ce kwatance. Gidaje da yawa a Zango ba a samunsu da sunan titi da lamba, sai da masallaci kaza ko gidan mai kaza. Ku tura alamar wurinku ta WhatsApp, ku ba da lambar mutum biyu, ko kuwa ku sa a haɗu a shagon wani sananne a bakin babbar hanya inda akwai wutar gwaji. Kada ku yarda a ɗauro inji da allo a bayan zemijan. Allo ba ya jure matsi, ramukan hanya kuma suna girgiza kayan ciki har su kwance. Taksi ko keke mai ƙafa uku ya fi, kuma manhajar Gozem, wadda ta fara aiki a Lome a 2018, tana da amfani ɗaya a nan: sunan direba da tafiyarsa suna rubuce. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli musamman, kun san yadda ruwa yake kwanciya a yankin kogin Zio. Kwali ba ya hana ruwa. A sa leda mai kauri daga ciki.

Idan daga Ankara ko Legas ne, lissafi ya sauya. Farashin Computer Village da ke Ikeja yana iya burge ku, amma daga can zuwa nan akwai iyaka biyu, ta Seme-Krake da ta Hilakonji, daga Ankara kuma akwai ta Aflawo. A kowace iyaka ana iya sauke kaya, a buɗe, a mayar ba yadda aka shirya su ba. Galibi ta hannun direba ko yaron mota ake aikowa, kuma amanar da ke tsakaninku da direban da kuka sani abu ce mai daraja. Duk da haka, ku sa a rubuta a takardar tasha abin da ke cikin kwalin da darajarsa da lambar jikinsa, a ɗauki hotonsa a buɗe da kuma a rufe, a rubuta sunan direba da lambar mota. Takardar da ta ce kwali ɗaya kawai, kwali ɗaya za ta biya ku, ko da duwatsu ne a ciki. Ku tambayi kamfanin bas, tun kafin a ɗora, nawa suke biya idan kaya sun ɓata. Da yawa suna da iyakar da ba su wucewa, kuma tana iya zama ƙasa ƙwarai da kuɗin kwamfuta.

Ku tuna kuma cewa iyaka ba a hannun mai sayarwa take ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, kaya masu yawa suka kwana a hanya. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, rufewar iyakar Nijar da Benin ta sa kayan Yamai da Maraɗi suka koma bi ta Lome, su haura fiye da kilomita 600 zuwa Sinkase, su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar sojoji. Wanda zai saya a nan don ya aika wa ɗan'uwa a can, ya sa a ransa cewa ranar isowa ba abar rantsuwa ba ce. Abin da za a iya ƙullawa shi ne: idan rana kaza ta wuce kaya ba su zo ba, me za a yi? A faɗe shi a rubuce.

Game da kuɗin canji, sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Naira da sidi da dala kuwa suna hawa da sauka. Ku yanke farashi da sefa, ko ku ƙayyade canjin ranar da aka yi magana, don kada a zo ranar biya a ce kasuwa ta tashi.

Idan kuwa daga Sin ko Dubai ko Turai ne, ku san yadda ake auna kaya. Masu jigilar sama ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali. Kamfanonin aike da gaggawa suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5,000, sa'an nan su caje ku da wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. A ce kwalin yana da 50 da 45 da 30: lissafi ya ba da kilo 13.5, ko da na'urar kilo 8 ce. Kwamfutar tebur, da kumfar da ake naɗe ta da ita, kusan kullum a wannan tarko take faɗawa, shi ya sa arahar da aka gani a shafi take narkewa. Ta jirgin ruwa ya fi sauƙi, amma masu haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya ba su tashi sai ta cika, tafiyar teku daga Sin ta haura wata guda, sa'an nan ga jiran fitarwa a tashar jiragen ruwan Lome.

Sai maganar duwan. A Togo hukumar OTR ce take karɓar haraji da kuɗin fito, kuma darajar da ake lissafi a kanta ta haɗa da kuɗin kaya da na jigila da na inshora. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara ce take faɗin abin da ake biya wa da abin da aka yafe, don haka kada ku dogara da abin da wani ya biya bara. Ku tambayi ɗan tiranzit mai lasisi tun kafin ku yi oda, ku kuma tambayi mai jigila a fili: farashinka ya haɗa da duwan, ko sai kaya sun iso za a kira ni? Duk abin da aka biya da sunan hukuma yana da rasit.

Yadda kuɗi za su fita

Ƙa'idar ita ce biya bayan gani. In mai kaya ya nemi kafin alƙalami don kuɗin mota, ya zama kaɗan ne, wanda in ya tafi ba zai karya ku ba. In kaya suna wani gari, ku nemi ɗan'uwa ko abokin ciniki a can ya je ya gani, ya gwada, ya biya da hannunsa. Zangon Lome yana da 'yan'uwa a Nima ta Ankara, da Zangon Kwatano, da Agege ta Legas. Wannan zumunci ya fi kowace manhaja ƙarfi, kuma ɗan abin da za ku ba shi na wahala la'ada ce da ta halatta.

Flooz da T-Money, wadda aka sauya wa suna zuwa Mixx by Yas a ƙarshen 2024, sun sauƙaƙa biya, amma kuɗin da aka tura aka cire da wuya su dawo. Kafin ku tabbatar, ku duba sunan da ya fito: in ya saɓa da na wanda kuke magana da shi, ku dakata. Salon damfara da ya fi yawa a wannan fage a hankali yake tafiya. A fara da kuɗin ajiye kaya. Gobe a kira a ce mota ta tsaya a iyaka, sai an biya duwan. Jibi a ce inshora. Kowane biya ana cewa shi ne na ƙarshe, mutum kuma yana ƙarawa don kada na baya su tafi a banza. Da zarar an nemi kuɗin da ba a ambata tun farko ba, ku tsaya nan. Lambar sirrinku kuwa ba mai sayarwa, ba direba, ba ma'aikacin kamfanin waya da yake da hurumin tambayarta.

In abin ya riga ya faru, kada kunya ta sa ku yi shiru. Ku kira kamfanin kuɗin waya nan take da lambar shaidar turawa, ku adana saƙonni da hotunan talla kafin a goge su, ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma. Togo tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun Disamba 2018, da hukumar tsaron intanet mai suna ANCy. Ku kuma sanar da jama'ar unguwa lambar da aka yi amfani da ita, domin mai wannan sana'a ba ya tsayawa kan mutum ɗaya.

Ranar karɓa

Kada ku karɓa da dare, kada ku karɓa a tsaye, kuma kada ku bari gaggawar ɗan aike ta zama taku. Ku sa wani ya ɗauki bidiyo tun daga kwali a rufe har zuwa kunnawa, ba tare da yankewa ba. Wannan ita ce shaidar da manyan kasuwanni suka fi karɓa. In ba ku san kan na'ura ba, ku gayyaci wanda ya sani, ku biya shi.

Kafin a soka wuta, a dubi bayan akwatin. Wasu na'urorin da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar CEET 220 ce. In makunnin yana kan 115 aka soka, injin wutar zai ƙone nan take, mai sayarwa kuma zai ce ku kuka ƙona. A mai da shi 230. Wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240 ba ta bukatar komai.

A gwada lambar jiki da wadda aka turo a hoto. A kunna, a danna Ctrl da Shift da Esc tare: taga za ta buɗe inda ake ganin sunan inji da yawan RAM da irin rumbun ajiya, a kwatanta su da abin da aka rubuta. A tabbatar ba a kulle na'urar da kalmar sirrin tsohon ofishinta ba. A soka wani abu a kowace kafar USB. A buɗe farin shafi da baƙi a kan allo don ganin ɗigo ko layi. A bar ta tana aiki kamar rabin awa, a saurari fanka: na'urar da zafi yake kashewa ba ta nuna halinta a minti biyu. Sa'an nan a karɓi takardar saye mai ɗauke da lambar jiki da kwanakin garanti da abin da garantin ya ƙunsa, kana a biya.

Bayan ta shiga gida

Kwamfutar tebur ba ta da batir kamar ta hannu. Wuta na ɗaukewa take mutuwa, abin da ba a adana ba ya tafi. Wanda ya ga yadda aka yi rabon wuta a Lome a 2024 ba ya bukatar dogon bayani. Ku sa kuɗin na'urar riƙon wuta, wadda ake kira ondiler a nan, UPS kuma a Najeriya da Gana, cikin lissafin saye tun farko. A ɗora inji a kan tebur ko katako, nesa da ƙasa saboda ruwa da ƙura, a kuma riƙa busa masa iska bayan hunturu.

Akwai abubuwan da suka shafi lafiyar iyali kai tsaye. Kada wanda bai ƙware ba ya buɗe injin wutar da ke cikin akwati, domin yana riƙe caji ko bayan an zare waya. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir zagayayye kamar kwabo, mai lamba CR2032. In mai gyara ya canza shi, kada a yar da tsohon inda yara suke wasa. Yaron da ya haɗiye shi yana iya samun ƙuna mai tsanani a maƙogwaro cikin awa biyu. Kada a sa shi amai, kada a jira alama, a garzaya da shi asibiti, kamar CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin, a kuma faɗa wa likita abin da ya haɗiya. Batirin ondiler yana da dalma da ruwan asid, gilashin tsohon allo mai ƙaton baya shi ma yana da dalma, wadda take cutar da ƙwaƙwalwar yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2021 kan illar sharar lantarki ga yara, kuma waɗanda suka san Agbogbloshie ta Ankara kafin a tashe ta a wannan shekarar sun ga irin hayaƙin da ƙona wayoyi yake tayarwa. In an haɗa muku da irin wannan tsohon allo a matsayin kyauta, ku ce kun gode, a bar shi a can. Mataccen batir kuma a mayar wa mai sayar da sabo, kada a fasa shi a tsakar gida don neman dalmar ciki.